Labulen Yakaka

Gidan Gyaran Hali, Kudu
27 ga Fabrairu, 2022

Zuwa ga Goggo Meram, Katagum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen unguwa. Ni ma lafiya, sai ciwon baya da ke tashi idan na daɗe a tsugune.

Goggo, na san sai kin yi tunani kafin ki gane mai rubutun. Ni ne Abdulrahim ɗan marigayi Malam Uzairu na Azare, ƙanin Maikuɗi. Kakana da mahaifinki uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma sunan mahaifinki aka sa mini. Rabona da ke tun ina shekara tara, lokacin da ƙyanda ta shiga gidanmu Baba ya kawo ni wurinki na yi wata guda. Yanzu ina da talatin da biyar.

Ba zan ɓoye miki inda nake ba, tunda ga shi a saman takarda. Shekarata biyu a nan, saura biyu. Ba wani abu nake nema a hannunki ba. Tambaya ce kawai.

Akwai wata mata da ke zuwa duk Talata tana koya mana sana'ar hannu. Malama muke ce mata. Ta kawo katakai masu kusurwa huɗu da aka jera wa ƙusoshi sama da ƙasa. Sai a ɗaura zaren tsaye a ƙusoshin, a riƙa cusa zare mai launi da yatsa ana danna shi, har zane ya fito, a rataya a bango. Ta ce a ƙasashen Turai da irin wannan saƙar sarakunan da suke rufe bangon dutse saboda sanyi, wani zanen ma mutum huɗu kan shekara suna kansa. Da ta gama sai ta tambaye mu ko a garuruwanmu ana yi. Mu goma sha ɗaya ne, sauran suka ce ba su taɓa gani ba. Ni kuwa sai ɗakinki ya faɗo mini a rai. Na tuna masaƙa jingine da bango, kina zaune a kan kujerar tsuguno kina buga akwasha, katakon danne zare. Na kuma tuna wani babban zane a bayan gadonki, fari mai shuɗi da ja, da kika hana ni taɓawa saboda hannuna da man ƙuli.

Ban ce wa Malama komai ba, don ban tabbata ba ko gani na yi ko ƙuruciya ce ke yi mini ƙari. Goggo, akwai zanen nan? Wa ya saƙa shi?

Abokina Sherif, direba, shi kaɗai ke leƙo ni idan ya kawo kaya Kudu. Shi zai ba direban Katagum wannan a tashar Azare. Idan kin ga ba ki son amsawa, babu komai.

Ɗanki,
Abdulrahim

*

Katagum
14 ga Afrilu, 2022

Mai sunan Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ibada, ina gaishe ka da haƙuri. Ni lafiya ta tsufa. Kunne ya tafi, sai an yi mini ihu, shi ya sa ban riƙe waya ba. Yatsu kuma suna kumbura da safe. Ido dai alhamdu lillahi.

Na gane ka tun layin farko, kai mai sunan Malam mahaifina. Kai ne ka ɓoye mini mazarin kaɗi a cikin tulu. Rubutun nan da hannuna nake yi, a ajin yaƙi da jahilci na koya ina da 'ya'ya uku, don haka ka yi haƙuri da karkatarsa. 'Ya'yan nan duk Allah ya karɓi abinsa, maigidana ma ya bi su shekara goma sha ɗaya ke nan. Ni kaɗai ce a gidan.

An ce mini kana Kamaru kana aiki. Ban tambaye ka abin da ya kai ka inda kake ba, kuma ba zan tambaya ba.

Zane yana nan, ba mafarki ka yi ba. Labulen Yakaka muke ce masa. Yakaka kakata ce ta wajen uwa, sunanta na yanka Halimatussa'adiyya. Daga Borno iyayenta suka gudo da ita zamanin yaƙin Rabe, tana yarinya. Ta ce mini ba su fito da komai ba sai abin da uwarta ta riƙe a ka, wato ƙidayar zare. Da ta isa aure a nan sai uwar ta zaunar da ita suka saƙa shi, damina biyu. Audugar su suka gurje, suka shiɓa, suka kaɗa. Shuɗin marina aka kai aka tsoma sau da yawa har ya kusa zama baƙi. Jan kuwa alharini ne da fatake ke kawowa daga arewa, shi ya sa ɗan kaɗan ne a jiki. Faifai uku ne aka haɗa da allura, kowane faɗinsa kamu ɗaya. A bayan gadon amarya ake rataya shi. An rataya wa Yakaka, an rataya wa uwata, an rataya mini. Yanzu na sauke shi yana cikin adaka, saboda ɓera.

Namu ba hoto muke yi ba kamar na Turawan Malamarku. Ƙidaya muke yi. Zane uku ne a jiki, mu dai sunan da muke kiransu allo, da tsani, da rijiya. Allo shi ne mai sauƙi: ka ɗauki zaren tsaye tara da shuɗi, ka bar biyar fari, ka hau haka layi goma sha biyu, sannan ka rage uku kowane gefe ya zama wuyan allo. Rijiya ita ce mai wuya, zobe cikin zobe, da ɗigon ja a tsakiya.

Da takardarka ta zo sai na buɗe adaka na shimfiɗa shi a tsakar gida. Kwana takwas ina bin sa da tsinke ina ƙirgawa ina rubutawa, ga azumi a baki. Ga ƙidayar nan a takarda daban, shafi huɗu. Ba a taɓa rubuta ta ba sai yau. Na yi ta neman wadda zan koya wa, 'yan matan yanzu sun ce zanen kanti ya fi sauƙi, ban ga laifinsu ba. Masaƙata ma tun rasuwar maigidana ban ɗora mata zare ba.

A wurinmu wannan aikin mata ne, maza siririyar masaƙa suke yi. Amma a inda kake wa zai yi maka dariya? Ka gwada allo, ka aiko in gani.

Ka gaya wa Malamarku ana yi a garinku.

Goggonka,
Meram

*

Gidan Gyaran Hali
24 ga Yuli, 2022

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da sallah, ƙarama da babba, tunda duka sun wuce kafin in sami mai kawo miki wannan. Yaya yatsu? Ni na yi zazzaɓi kwana biyar a watan jiya, amma na warke.

Takardarki na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ita ce ta farko da wani ɗan'uwa ya rubuto mini tunda na shigo. Na kai wa Malama ƙidayar na fassara mata. Ta zauna a kan benci ta yi ta kallon shafukan, sannan ta ce, "Wannan kakar taka ce ta rubuta?" Na ce goggona ce. Ta ce, "To daga yau ni ce ɗaliba."

Ga ɗan guntu na sa a ciki, allo biyu ne. Zaren ulu ne na kanti, ba mu da na kaɗi. Sau huɗu ina warwarewa.

Goggo, kin ce ba za ki tambaya ba. Wannan ya sa nake son in faɗa miki da kaina.

Tirela nake ja. Na ɗauko wake daga Azare, kwana biyu ban yi barcin kirki ba don ina son in riski kasuwa. Yaron motata ya ce mu tsaya, na ce saura kaɗan. Da hantsi ne, wajen ƙarfe tara, muna gangara wani gari. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Ƙara ce ta farkar da ni. Wani mutum ne a kan babur, malamin firamare, ya ɗauro takardun jarabawar yara a baya. Da na sauko, takardun sun watsu a titi, iska na juya su. Ban gudu ba. Na zauna a gefen kwalta har 'yan sanda suka zo.

A kotu na ga matarsa. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Da aka tambaye ni na ce na aikata, sai ta ɗago ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Har yau da na rufe ido ita nake gani, ba shi ba.

Yaya Maikuɗi ya zo ranar hukunci, ya ce in yi haƙuri, bai sake dawowa ba. Na rubuta masa sau shida. Suwaiba, matata, ta jira shekara guda, sannan iyayenta suka aiko neman takarda. Na rubuta mata. Ban riƙe ta a zuciya ba, ba mu haihu ba, kuma yarinya ce.

A ɗakinmu mu arba'in ne, amma ba mai jin Hausa sai wani tsoho da ba ya magana. Ranar Talata ce kaɗai nake jin ni mutum ne. Idan ina ƙirga tara in bar biyar, kaina ba ya zuwa titin nan.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa, ina jin nauyin faɗa. Idan na fito ba ni da fuskar shiga Azare. Tuƙi kuwa na bar shi har abada. Ko za ki yarda in zo Katagum? Ko zaure ne ya ishe ni. In yi miki noma, in ɗebo ruwa, ki koya mini sauran. Idan bai yiwu ba ki faɗa mini kai tsaye, zan fahimta.

Ɗanki,
Abdulrahim

*

Katagum
11 ga Satumba

Mai sunan Malam,

Ina gaisuwa. Ina da rai.

Na ga takardarka da abin da ke ciki. Bakinka bai kamu ba, sako-sako yake tun daga farko har ƙarshe. Ka koyi kama baki kafin komai.

Zancen zuwa Katagum ka bar shi. Ba ni da inda zan sa ka. Kada ka sake aiko da komai gidan nan.

Mai karɓa yana jira.

Meram

*

Gidan Gyaran Hali
2 ga Oktoba, 2022

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiya. Muna jin ana ta ambaliya a wurare, Allah ya sa bai zo ta wajenku ba.

Saƙonki ya iso. Sherif ban gan shi ba, a bakin ƙofa ya bari ya wuce. Na karanta, na gane.

Gaskiyarki ce. Kin ce ba ki tambaya ba, ni ne na saki baki na ɗora miki abin da ba ki nema ba. Kuma ban kyauta ba da na roƙi wurin zama a gidan da na yi wa wata ɗaya tak a rayuwata. Mutumin da ya kashe rai ba kowa ke son ya kwana kusa da shi ba. Yayana ma da muka sha nono ɗaya bai iya ba, balle ke.

Kin ce kada in sake aiko da komai. Wannan ce ta ƙarshe, na rubuta ne don in nemi gafara. Talata biyu ban je aji ba. Malama ta aiko gandiroba ya kira ni, ta ce, "Me ya faru da hannunka?" Na ce hannuna lafiya. Ta ce to katakonka yana jira. Na riga na ɗora babban zare kafin saƙonki ya zo, na gama allo na shiga tsani. Na so in mayar miki da ƙidayarki, amma idan na rabu da ita ban san abin da zan yi da ranakun ba. Ki yafe mini in riƙe ta.

Na kama bakina, Goggo. Allah ya saka miki da alherin kwana takwas da kika yi a tsakar gida saboda ni.

Abdulrahim

*

Azare, gidan Maikuɗi
8 ga Janairu, 2023

Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Jiki da sauƙi, tari ne ya kwantar da ni amma ya sake ni.

Takardarka sai shekaranjiya ta zo hannuna. Wata uku tana yawo. Sherif ya maƙale a hanya saboda ruwa, da ya iso ya ba direban Katagum, shi kuma ya je bai same ni ba, ya bar ta a aljihun mota. Da na karanta, abincin rana ban ci ba.

Kai yaron nan! Bakin saƙa nake nufi. Gefen ɗan guntun da ka aiko. Ba ka ja zaren daidai a wurin juyawa, shi ya sa gefen ya yi kunne-kunne. Mu baki muke ce masa. Ni ina ruwana da bakin da kake cin tuwo da shi?

Amma laifina ne. Bari in gaya maka a inda na rubuta waccan takarda. A kan tagar ajin makaranta na rubuta ta, a tsaye, da biron wani malamin lafiya. Ruwa ya ci gidana.

Kwana uku kogi yana hawa muna kallo. Rana ta huɗu da safe ina dama kunu sai na ga ruwa ya shigo ta rariya maimakon ya fita. Ban ji ihun mutane ba saboda kunnen nan. Maƙwabciyata Uwa ce ta shigo ta fizge ni, ruwa har gwiwa. Na ce a bari in ɗauko adaka. Ta ce, "Meram, bango yana motsi!" Muna fita ɗakin ya zauna. Da kwalekwale aka kai mu makaranta. Abin da na fita da shi zanen jikina da jakar da na sa takardarka ta farko.

Taka ta same ni a can, kwana biyu da rushewar. Na karanta abin da ya same ka, na karanta roƙonka. Ka ce ko zaure ne ya ishe ka, ni kuwa ko zauren babu. Mai kwalekwale yana ta ɗaga mini hannu zai tashi. Kunya ta hana ni in rubuta maka cewa goggon da kake son jingina da ita a kan buhu take kwana. Sai na rubuta abin da ka gani.

Bayan sati uku ruwa ya janye, aka tono adaka. Labulen Yakaka ya ruɓe. Da na ɗaga shi sai ya biyo hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Shuɗin ya shiga farin. Ko tafin hannu ban tsira da shi ba. Masaƙa kuma ruwa ya tafi da ita. Ranar na yi kukan da ban yi ba a kan ɗaki.

Wata biyu na yi a makaranta har tari ya kama ni, aka kawo ni asibiti Azare. A nan Maikuɗi ya ji labari ya ɗauko ni. Ba zan ci amanarsa ba, ya kula da ni, matarsa Saudatu ma ba ta gaza ba. Sai dai gida ne cike da mutane, kowa bakinsa na motsi, ni ba na jin komai. Su yi dariya in yi murmushi. A Katagum ni kaɗai ce amma ban san kaɗaici ba sai a nan.

Jiya na tare yayanka a zaure. Na ce, "Ina ƙaninka?"

Ya ce, "Yana Kamaru, Goggo."

Na ciro takardarka na ɗora masa a cinya. Ya dubi saman, ya tashi ya tura ƙofa. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Goggo, 'ya'ya mata gare ni huɗu. Kin san garin nan. Wa zai zo neman aure gidan da aka ce akwai ɗan fursuna?"

Na ce, "Sata ya yi?"

Ya ce a'a.

Na ce, "To karanta."

Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya miƙo mini, ya fita. Yau da safe zai tafi kanti ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya daɗe yana gyara hula. Sannan ya ce, "Ana ba su abinci sosai kuwa a can?" Na ce ka tambaye shi mana. Iyakar abin da ya faru ke nan, ba zan ƙara maka gishiri ba.

Maganar mutumin nan mai babur, Allah ya ji tausayin iyalinsa. Ni ba alƙali ba ce, alƙali ya riga ya yi nasa. Abu ɗaya zan tambaya: ka yi azumin kaffara, wata biyu a jere? Idan ba ka yi ba, ka yi. Bayan wannan ba ni da wata magana a kai.

Yanzu ni ce mai roƙo. Ƙidayar nan da ke hannunka, duk duniya ita kaɗai ta rage. Na gwada tuno rijiya da ka, na kasa wuce zobe na biyu. Ka kwafo mini. Kuma kada ka kuskura ka bar zuwa ajin Talata.

Goggonka,
Meram

*

Gidan Gyaran Hali
19 ga Maris, 2023

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina yi miki jaje, ina yi miki sannu da jiki. Allah ya mayar da alheri. Ni lafiya lau, bayan ma ya yi sauƙi.

Ban san ta inda zan fara ba. Kina kwance a kan buhu ni kuma ina nan ina fushi da ke. Da na gama karanta takardarki na fita fili na zauna a rana. Tsohon nan Bahaushe na ɗakinmu da ba ya magana ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Mutuwa aka yi?" Na ce a'a, zane ne ya ruɓe. Ya dube ni kamar na zautu. Maganarmu ta farko ke nan a shekara uku.

Kaffara na yi ta a shekarata ta farko. Sau ɗaya zazzaɓi ya katse ni, na tambayi limaminmu, na ci gaba.

Ga ƙidaya na kwafa sau biyu, ɗaya ki ajiye, ɗaya ki ba wani ya ajiye a wani gida daban. Ga kuma abin da na saƙa, an ba ni izinin fitar da shi. Faifai ɗaya ne kawai, tsawonsa kamu biyu. Allo a ƙasa, tsani a tsakiya, rijiya a sama. Ba auduga ba ce, jan kuma ba alharini ba ne, Malama ta yi kasuwa uku kafin ta samo wanda na ce ya yi kama da abin da na tuna. Na san ba zai maye gurbin na Yakaka ba.

Za ki ga ya tsuke a tsakiya kamar an ɗaure masa ƙugu. Wurin nan a watan Oktoba da Nuwamba na saƙa shi. Malama ta ce ina jan zare da ƙarfi, in warware. Na ƙi.

Malama ta yi mana sallama, ƙungiyarsu ta koma wani gari. Ta bar mana katakai da ragowar zare, aka ce ni zan riƙa kula da ajin. Mutum huɗu suka rage. Ranar Talata yanzu ni nake faɗin tara da biyar da Turancina na tasha.

An kira ni ofis an gaya mini ranar fitata: sha biyu ga Fabrairu mai zuwa. Ban sake roƙon komai ba, Goggo. Sanar da ke kawai na yi.

Ki gaya wa Yaya ana ba mu abinci. Ba ya isa, amma ana bayarwa.

Ɗanki,
Abdulrahim

*

Katagum
4 ga Yuni, 2023

Mai sunan Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da aiki, malamin Talata. Ni jiki ya yi nauyi bana, numfashi ba ya kai ni rijiyar unguwa sai na huta sau biyu. Amma ina tashi, ina dafa abin da zan ci.

Na dawo gida. 'Yan unguwa sun tayar mini da ɗaki ɗaya da ɗan zaure, Maikuɗi ya sa kwano. Shi ya kawo ni da motarsa. Saƙonka na abinci na faɗa masa a hanya. Sai ya rage gudu har na baya suka yi ta yi masa ham.

Saƙarka ta zo. Na shimfiɗa ta a tabarma na bi ta da tsinke. Baki ya kamu a sama, a ƙasa da saura. Ƙugun kuma na gan shi. Gara da ba ka warware ba.

Amma rijiya ba daidai take ba. Zobe na uku ya karkace hagu, ɗigon jan bai zauna a tsakiya ba. Na ce yaron nan ya yi kuskure, na ɗauko kwafin ƙidaya in kama ka. Sai na ga abin da na rubuta shi ka saƙa, ko zare ɗaya ba ka tsallake ba. Ni ce na yi kuskuren, da azumi da rana a ka, wataƙila na rubuta bakwai a wurin shida ko na tsallake layi. Na kwana biyu ina ƙoƙarin gano inda yake, na kasa. Wanda za a duba a gyara kuma babu shi. To daga yau haka rijiyar gidanmu take, a karkace. Duk wanda ka koya wa, ka gaya masa karkatar ta Meram ce, kada a ɗora wa Yakaka.

Na rataya shi a bayan gado. Bangon ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Yanzu ka saurara. Zauren nan naka ne. Ban sa an gina shi don kaza ba. Na sayo auduga ranar kasuwa, na fara kaɗi. Yatsun ba sa ba ni fiye da mazari ɗaya a sati, amma daga nan zuwa Fabrairu za a tara abin ɗora faifai guda. Itacen masaƙa na sa an saro, yana bushewa. Kafawa sai kai, ni ba na iya haƙa rami.

Idan ka sauka Azare, ka shiga gidan yayanka ka gaishe shi, ko ya sake fuska ko bai sake ba. Kada ka kwana. Ka hau motar Katagum. Unguwar ta canza, kada ka nemi tsamiyar da ka sani, ta faɗi. Ka tambayi gidan Meram mai saƙa, har yanzu haka suke kirana.

Wata takwas ne, na ƙirga. Ina sa rai, amma ni da kai mun san shekaruna. Idan ka zo ka tarar da ƙofa a rufe, kada ka juya. Makulli yana wurin Uwa, na gaya mata sunanka da inda za ka fito, ban ce mata Kamaru ba. Zaren yana cikin tukunyar da ke rataye a rufi, inda ruwa ba zai kai ba. Ka buɗe ka shiga, ka share ɗakin, ka fara.

Goggonka,
Meram